Ciyawar da Na Shuka a kan Siminti

Ni manomi ne ɗan manomi, amma da hannuna na dasa ciyawa, na yi mata ban-ruwa safe da yamma, na yi mata aski da almakashi. Ku yi dariya, an daɗe ana yi. Abin da ba na yarda a yi dariya a kai shi ne fadamar ubana, don wajen renon ciyawar nan ta fita hannuna. Wanda ya raba ni da ita kuwa ba Nasara ba ne, ba baƙo ba ne. Ɗan gwaggona ne, wanda muka tashi muna sa hannu a akushi ɗaya.

Fadamar tana bakin Gulbin Kaba, nan ƙasar Gangara. Ba wani girma gare ta ba. Amma baƙar ƙasa ce mai maiƙo, in ka damƙe ta da damina sai ta manne maka a tafin hannu, ruwa kuma yana kusa, guntuwar igiya ta isa ka ja guga. Da damina dawa da masara, da rani rogo da dankali da albasa. Kakana ya sare ta lokacin da suka ƙauro daga wajen Katsina, ubana ya gada, da ya rasu ta zo hannuna don ni kaɗai ne namiji. Muna da gonar gero a tudu, amma jigawa ce, shekarar da ruwa ya yi gardama sai dai mu kwashi kara. Fadamar ce ke riƙe da gidanmu, ni da Inna mahaifiyata da matata da ɗan da take goyo.

Gwaggo ƙanwar ubana ce, 'ya'yanta maza biyu. Babban manomi ne, shiru-shiru, sai ka yi wuni da shi bai ce maka ƙala ba. Ƙaramin tsarana ne. Shi aka kama aka kai lakol, makarantar Nasara, zamanin da ake bi gida-gida ana kwasar yara iyaye na kuka. Ya dawo da dogon wando da takalmi sau-ciki da Faransanci a baki, mutane suka riƙa ce mashi Mushe, yadda ake ce wa duk wanda ya yi lakol. Mu taubasai ne, abokan wasa, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka bawana nake ce mashi. In na gan shi sai in ce, "Ga mushe ya iso, ungulu ce kawai ba ta ji labari ba." Shi kuma ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe ubangidana, sarkin laka." Babu abin da ba mu faɗa wa juna, kuma ba a fushi, al'ada ta hana. Na so shi. Wallahi na so shi fiye da yadda wasu ke son ɗan'uwansu na ciki ɗaya.

Shekarar da aka ce Nasara ya tafi, ƙasa ta dawo hannun 'ya'yanta, Mushe ya samu aiki a buro, wato ofishin gwamnati na garin Gazawa. Buron nan da can masaukin komanda ne, Nasaran da ke mulkin yankin, in ya fito rangadi. A gabanshi akwai wani daɓen siminti, faɗinshi kamar masallacin unguwa, inda ake shanya masu gari a rana in lanho, wato haraji, bai cika ba. Sabon shugaban buro baƙar fata ne irinmu, amma ya taɓa zuwa ƙasar Faransa, ya ga ƙofar manyan gidaje shimfiɗe da koriyar ciyawa. Sai labari ya zo wani babban baƙo zai zo daga Yamai bayan kaka. Shugaba ya rantse baƙon nan ba zai ga daɓen Nasara ba. Aka gwada fasa shi da diga, digar ce ta ji jiki. Sai aka ce to a rufe shi da ƙasa a shuka gazo a kai.

Da bazara, hadari ya fara leƙowa, Mushe ya zo a kan keke ya same ni a fadama ina sharar gona. Ya jingine keken ya ce aiki ya kawo mani, aikin gazo.

"Mene ne kuma gazo?" na ce.

"Ciyawa."

"Ta doki?"

"Ta kallo."

Na ajiye fartanya na dube shi da kyau, na ce, "Bawana, karatun ne ya taɓa ka, ko rana ce?"

Ya yi dariya, ya zauna a bakin rijiya, ya yi ta zuba. Ya ce Nasara ya tafi yana cewa baƙin mutum ko ƙofar gidanshi ba zai iya gyarawa ba. Ya ce shugaba ya nemi manomin da ya san ruwa da ƙasa, shi kuwa bai ga wanda ya fi ni ba. In baƙo ya gani ya yaba, za a ɗauke ni ma'aikacin gwamnati, da riga da hula. Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. A shekarun nan kowa ji yake shi ma a ba shi wani abu ya ɗauka.

"Fadamata fa? Daga nan zuwa Gazawa ba a zuwa a dawo a yi noma."

"Ka ba Yaya aro, damina ɗaya tak. A hannun gida take, me zai same ta?"

Da na gaya wa Inna, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Aro dai?" Na ce aro. Ta ce, "To ka karɓi daminka." Abin da take nufi kowa a ƙasarmu ya san shi. In ka ba mutum aron gona, ko uwarku ɗaya, da kaka zai kawo maka dami ɗaya, ka karɓa a gaban mutane. Ba don damin zai cika rumbu ba, don kowa ya tuna gonar ta wane ce. Na ce mata, "Haba Inna, 'ya'yan Gwaggo ne fa." Ta ce, "Na san 'ya'yan wa ne. Ka karɓi daminka."

Na isa Gazawa da jakina da fartanyata. Aka ba ni ɗan ɗaki a bayan buro, da garewani biyu, da wani gwangwanin irin gazo da Nasara ya bari, ƙanana kamar irin taba. Na kewaye daɓen da tubali, na ɗebo rairayi a bayan gari na baza, na watsa iri na yayyafa ruwa. Kajin Gazawa suka yi biki. Abin da ya tsira daga bakinsu ya fito siriri, ba ƙarfi. Rana ta buɗe 'yan kwanaki, simintin ya ɗauki zafi ya dafa shi ta ƙasa. Na tura hannu cikin rairayin da azahar, sai na ji kamar yashin suyar gujiya. Ko tsinke ɗaya bai rayu ba.

Mushe ne ya kawo shawara. Ya ce, "Ubangidana, ƙasar fadamarka za a ɗebo, da kiri-kirin nan na bakin rijiya." Kiri-kiri! Ciyawar nan mai yaɗo, da ke kafa saiwa a kowace gaɓa, wadda ubana ya ƙare rayuwarshi yana tonewa yana ƙonawa tana dawowa. Na ce da yana da rai ya ji zan dasa ta, da ya sa an yi mani ruƙiyya. Amma shawarar ta yi ma'ana. Buro ya sa aka tattaro jakuna, muka yi ta jigila da mangala. Ni da kaina na kankare fatar ƙasar gefen rijiya, inda ta fi baƙi, na yanko kiri-kiri faifai-faifai da saiwarta da lakarta, na kai Gazawa na jera a kan daɓen.

Ruwan farko mai ƙarfi da ya sauka, na fito na tarar da tafki a ƙofar buro. Siminti ba ya shan ruwa, ni kuma da wayona na toshe ko'ina da tubali. Kwaɗi suka tare, ciyawa ta yi rawaya ta fara wari, shugaba ya fito ya toshe hanci ya yi ta faɗa da Faransanci. Na kwashe komai na tara gefe. Na huda tubalin ta wajen gangare, na shimfiɗa tsakuwa da fasassun tukwane a ƙasa don ruwa ya samu hanya, na zuba rairayi a kai, sannan baƙar ƙasa gauraye da takin awaki, kaurin taƙi ɗaya. Na sake dasawa. Wannan karon ta kama.

Daga nan sai ta zama jaririya. In aka yi kwana biyu ba ruwa ta kwanta, don saiwarta ba ta da inda za ta nutsa ta nemi danshi. In ruwa ya yi yawa ya wanke gefe, in bi da ƙwarya ina kwaso ƙasa daga kan hanya. Awakin gari suka gano ta, na yi shingen ƙaya, suka ci ƙayar suka ci ciyawar. Gara ta shigo ta cikin takin. Ga aski: lauje ba ya daidaita ta, sai da aka aro almakashin tela, ina durƙushe ina bi kamar wanzami. Ranar kasuwa mutane har tsayawa suke su kewaye ni. Wani Bafillace ya jingina da sandarshi ya daɗe yana kallo, ya ce shanun wa ake tanadar wa wannan. Na ce ba na kowa. Ya ce to me za a yi da ita? Na ce kallo. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya wuce. 'Yan kasuwa suka sa mani suna Sarkin Gazo, masu tsiyar cikinsu kuma su ce Sarkin Gazawa, kuma ba garin suke nufi ba.

Amma fa ta yi kyau. Tsakiyar damina ta rufe daɓen ruf, kore shar, in raɓa ta kwanta a kanta da safe sai ka ji ba ka son takawa. Nakan tsaya in dube ta in ce, nan ne fa aka taɓa shanya dattawanmu a rana. Na yi alfahari da ita, ni ma na ɗauka wani abu nake yi wa ƙasa.

Kaka ta yi. Wata ranar kasuwar Gazawa sai ga babban ɗan Gwaggo ya koro jaki da damin dawa, ya tsaya a ƙofar buro. Ranar kuwa Mushe ya gayyato dattawan ƙauyenmu da suka zo cin kasuwa, har da na'ibin liman, ya shimfiɗa masu tabarma a inuwa, ya kawo goro. Har daɗi na ji, na ce Allah ya kawo shaidu har gida. Na kakkaɓe hannu na nufi jakin.

Sai Mushe ya miƙe ya ɗaga murya. "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Ma'aikacin gwamnati, Sarkin Gazo da kanshi, zai karɓi dami a hannun bayinshi! Yaya, maza sauke mashi kada yunwa ta kayar da shi. Ko ciyawar za a zuba wa ta ci?"

Dattawa suka fashe da dariya. Ni ma na yi, na rama, na ce bawa ba ya magana in ubangida na karɓar haƙƙinshi. Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Bai tsaya ba.

"Gwaggonka tana can gida haƙora sun zube, tuwon dawa kawai take iya ci. Shi kuwa ɗan wanta ga shi zai ƙirga zangarniya ya ga ko an rage. Ka ƙirga, ubangidana, ka ƙirga! In ɗaya ta ɓata sai mu ciro daga bakin tsohuwa mu cika maka."

Masu wucewa suka fara tsayawa. Kunya ta rufe ni, zuciya ta ɗebe ni, ni kuwa da ma ba a taɓa yabona da sanyin rai ba. Na ce, "Kai, ku ɗauke tsiyarku! Na bar maku."

Ya kama kunne ya karkato. "Me ka ce? Ban ji ba, kurma ne bawanka."

"Na ce na bar maku! Duniya da lahira na bar maku!"

Ya juya wajen dattawa yana dariya ya ce, "Kun dai ji."

"Mun ji," suka ce, su ma suna dariya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Wan Mushe yana tsaye da igiyar jaki a hannu, idonshi a ƙasa. Ya juya jakin ya tafi da damin, ko sallama bai yi mani ba. Na ɗauka halinshi ne na rashin magana.

Da na je gida Inna ta tambaye ni damin, na ba ta labari ina dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka koma ka karɓo." Na ce, "In lashe amaina a gaban na'ibi? Haba Inna." Ta ce Allah ya kyauta, ta shige ɗaki.

Baƙo bai zo ba. Aka ce an ɗaga sai baɗi. Na naɗe tabarmata zan tafi, Mushe ya riƙe ni. Ya ce, "In ka tafi yanzu ta mutu kafin sati, wahalarka ta tafi a banza, ni kuma ka kunyata ni gaban shugaba. Ka ƙara damina ɗaya. Yaya yana kula da fadama kamar tashi." Kamar tashi! Da kunnena na ji, ban fahimci komai ba.

Ranin nan ban taɓa shan wahala irin tashi ba. Rijiyar Gazawa ba irin ta fadama ba ce, sai ka ja igiya har hannu ya tsage kafin guga ya leƙo. Ina ɗauke da garewani a kafaɗa tun sanyin safiya, in zuba, simintin ya ƙafar da shi kafin hantsi, in koma da la'asar. Matan gari suna layi da tulunansu suna kallona ina kai wa ciyawa ruwan sha. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, ba ka tsoron Allah?" Na wuce da garewanina. Gida kuwa geron da buro ke ba ni nake aikawa, sai ɗan rogon da ake kai masu daga fadama in an ga dama. Damina ta biyu ta zo ta wuce, ba wanda ya kawo dami, ni ma ban nema ba tunda na ce na bari. A tsakanin nan aka fara jin wata sabuwar magana daga sama, wai yanzu gona ta wanda ke noma ta ce. Mu a bakin kasuwa muka tsince ta. 'Yan buro kuwa sun daɗe da sani.

Baƙon ya zo da farkon ɗari. Motoci, makaɗa, 'yan lakol a jere suna waƙa. Na yi mata aski na musamman, na shayar da ita da sassafe don ta yi sheƙi. Shugaba ya zo dubawa, ya taka ya ji danshi, ya ce takalmin baƙo zai ɓaci. Nan take aka kwaso tabarmi aka rufe ta daga wannan gefe zuwa wancan. Baƙo ya tsaya a kan tabarma ya yi jawabi da Faransanci, aka tafa, ya shiga mota. Bai san da ciyawa a ƙarƙashin ƙafarshi ba. Maganar riga da hula ban sake jin ta ba. Abin ya yi mani ciwo, amma ba sosai ba, don na ƙosa in koma gida in yi albasar rani.

Na tarar da fadama da sabon shinge, an ɗaure bakin rijiya da itace, an yi fangali an dasa albasa. Babban ɗan Gwaggo yana ciki. Na yi mashi sannu da aiki, na gode mashi, na ce to na dawo. Ya ci gaba da ban-ruwa bai ɗago ba. Can ya ce, "Ai ka bar mana."

Na ɗauka wasa ne, har na fara dariya. Sai na tuna shi ba ya wasa.

Muka je gaban mai gari. Tsoho ne, abokin ubana, shi ya raɗa mani suna. Zaure ya cika. Mushe ya zo daga Gazawa, aka kawo mashi kujera, kowa a ƙasa shi a sama, jandarma ɗaya, ɗan sandan gwamnati, tsaye a bakin ƙofa wai rakiya ya yi mashi. Na faɗi nawa: aro na bayar, damin kawai na yafe. Mai gari ya kira na'ibi ya ce ya faɗi abin da ya ji.

Na'ibi ya ce, "Tsakanina da Allah, cewa ya yi, na bar maku duniya da lahira."

"Shi ya ce, ko ita?" in ji mai gari. "In na bar maku shi ya ce, dami ne. In na bar maku ita ya ce, gona ce."

Na'ibi mutumin kirki ne, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Ya ce, "Bai ce shi ba, bai ce ita ba."

Aka tambayi sauran dattawan, duk haka suka ce. Na yi tsalle na miƙe na ce, "Dami ne a gabanmu! Kan jaki yake, kowa yana gani! Wane mahaukaci ne zai yi kyautar fadama a ƙofar buro yana wasa da taubashinshi?" Aka ce in zauna, in yi magana a hankali.

Sannan Mushe ya yi magana. Ranar ba wasa a bakinshi. Bai ce ubangidana ba, bai ce sarkin laka ba. "Malam" ya kira ni, kamar yau ya fara ganina. Ya ce malam ya faɗa da bakinshi gaban shaidu, kuma damina biyu ba a karɓi dami ba, ba a nema ba. Ya ce ko da ba kyauta ba ce, gwamnati ta ce gona ta mai noma ta ce, malam kuwa kowa ya san abin da yake nomawa a Gazawa. Wasu suka ƙyalƙyale, suka kama bakinsu.

Mai gari ya dubi jandarma, ya dubi kujera, ya dubi ƙasa. Ni ne kawai bai duba ba. Ya ce in yi haƙuri, duk gida ɗaya ne.

Ku ji abin da ke ci na har yau. Gwaggo an ba ta rabonta tun ubana yana da rai, wata gonar tudu daban da shanu. Amma da ɗanta ya zo ya zauna a bakin rijiyar nan ya ce, ɗan kawu, rabon uwata bai ishe mu ba, wallahi da na raba fadamar na ba su rabi, ko Inna ta yi faɗa. Bai roƙa ba. Ya bi ta inda ya san ba ni da ƙofa, ta wajen wasan da ke tsakaninmu, don ya san zuciyata kamar tafin hannunshi, ya san inda zai taɓa in yi magana ban auna ba. Cin amana ne, kuma ƙiri-ƙiri aka yi shi, da rana tsaka, ina tsaye ina taya su dariya.

Na tare shi a bakin zaure yana naɗe ƙafar wando zai hau keke. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun ranar da ka same ni ina shara, ko sai ranar dami abin ya zo maka?"

Ya gama naɗe wandon, ya kama kan keken. Ya ce, "Kai ka faɗa da bakinka." Ya ɗora ƙafa, sai kuma ya waiwayo. "Af, shugaba ya ce a kwashe gazo, za a ɗora sikelin awon gujiya a kan daɓen. In kana son ƙasar ka zo ka ɗiba, in ba haka ba fursunoni za su zuba ta a kududdufi." Ya taka keken ya tafi. Tambayar nan har ya koma ga Allah bai amsa mani ita ba, ni ma ban sake yi mashi magana ba balle in maimaita.

Na je. Matata ta ce me zan yi da ƙasa, na ce ƙasar ubana ce, ba za a zuba ta a kududdufi ba. Na sa fartanya a gefe na ɗaga, sai ga saiwar duk ta kwanta a kan simintin ta saƙe da juna, ta naɗo kamar tabarma. Na jefa wa awakin gari ciyawar, na kakkaɓe baƙar ƙasar na cika mangala har ta yi tozo, na ɗora wa jakin na kamo hanya.

Ina tafe a bayanshi, hankalina ba ya jikina. Inda hanya ta rabu, ta gida da ta gulbi, ban lura ba. Jakin ya bi wadda ya saba bi lokacin jigila. Ban farga ba sai da ya tsaya cak a bakin shinge. Wani mutum ya ɗago daga cikin albasa, baƙo ne, irin 'yan cin ranin da ke saukowa daga arewa suna ƙwadago. Ya yi mani sannu da hanya, ya dubi mangalar.

"Malam, taki ka kawo? Mai gona ba ya nan, sai dai ka dawo gobe."

Na ce to. Na ja igiya in juya, jakin ya turje, shi dai ya san nan ya saba tsayawa. Na ɗaga sanda na yi ta dukanshi, shi da bai taɓa yi mani komai ba, har hannuna ya gaji, mutumin yana ta cewa, malam lafiya, malam lafiya. Sannan na zauna a bakin hanya na yi kuka.